Motar Da Ta Karkace Gefe Guda: A Nemi Dalili Kafin A Ɗora Kaya

Kaka ta yi, rumbuna sun cika, kasuwanni sun buɗe. Yanzu ne ƙananan motocin kaya, waɗanda ake kira bashe, suke yawan aiki. Su ke kwasar gero da wake daga ƙauyukan Mayahi da Tasawa zuwa Maraɗi. Su ke kai tumaki da awaki kasuwannin Dakwaro da Tanut da Abalak. Nan gaba kuma su za su ɗauki albasar Galmi da Madawa. Bisa kayan nan ne mutane ke zama, maza da mata da yara.

Makiyayi in ya ga saniya tana ɗingishi, ba ya kora ta rijiya mai nisa sai ya duba kofatonta. Mai jaki in ya ga mangala ta rinjaya gefe guda, tsayawa yake ya gyara. Mota ma haka take. In ta karkace, akwai abin da ke damunta. Tayar gefen da ya sauka ita ke ɗaukar nauyi mai yawa, ta yi zafi, tana iya fashewa. In an taka birki, motar ta ja gefe. In an zo kwana da kaya masu tsawo, tana iya kifewa. Saboda haka wannan magana ba ta direba kaɗai ba ce. Ta shafi mai buhu, da mai bisashe, da duk wanda zai hau.

ABIN DA KE ƊAUKE DA MOTA

Yawancin motocin ƙauye, tun daga Peugeot 404 da 504 na da har zuwa Toyota Hilux da Land Cruiser, bayansu na zaune ne bisa ƙarafa masu faɗi da aka jera, wani bisa wani. Makanikai na kiransu rasor, a Nijeriya kuma a ce sifirin.

Amma akwai motocin da iska ke taimakawa wajen ɗaukarsu. Kusa da tayar baya, dama da hagu, akwai jakar roba mai kauri, kamar ƙaramar salka. Ana hura mata iska ta wani siririn tiyo. In iska ta shiga, mota ta ɗaga. In ta fita, mota ta sauka. Waɗannan jakunkuna iri biyu ne. Akwai waɗanda mai mota ke saye a ɗaura masa don su taimaki rasor. Akwai kuma waɗanda mota ke fitowa da su daga masana'anta, da ƙaramin injin hura iska da ke aiki da kansa. Motar Amurka mai suna Ram 1500 ta fara fitowa da irin wannan a 2013. Manyan motocin kaya da yawa da ake kawowa daga Turai su ma bisa iska suke.

Ko wace iri ce, dokar ɗaya ce: a fara da abin da ba ya cin kuɗi, kafin a kai ga mai tsada.

NA FARKO: A SAUKE KAYA, A AUNA

A tsai da motar a wuri mai ƙarfi wanda ba shi da gangara. A sauke kaya duka. Sau da yawa laifin na lodi ne: an jibge buhunan gero a hagu, an sa kaji da tabarmi a dama.

Sa'an nan a samo karan dawa miƙaƙƙe. A tsai da shi daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke rufe da tayar baya, a yi shaida da wuƙa. A kai karan ɗaya gefen. In bambancin bai wuce kaurin yatsa ɗaya ba, ba komi. In ya kai yatsu uku, akwai magana. Wanda ke da mita ya auna da santimita, ya rubuta a littafinsa: dama kaza, hagu kaza, rana kaza. Ido na mantuwa, rubutu ba ya yi.

NA BIYU: A DUBA TAYA DA RASOR

A kai wa mai facin taya ya auna iskar tayoyin baya. A duba kuma lambobin da ke jikinsu, a tabbata girmansu ɗaya ne. Taya babba a dama, ƙarama a hagu, dole mota ta karkace.

Daga nan a leƙa rasor. Ko akwai ƙarfen da ya karye, ko ya zame daga layi? Ko ƙusar da ke tsakiya ta tsinke? Ko ƙarafan gefe guda sun gaji sun miƙe, alhali na ɗaya gefen na da lanƙwasarsu? Hanyar jar ƙasa mai gargada ita ke jawo haka, musamman in ana gudu da lodi. In rasor ne ya karye, ƙara iska ba magani ba ne. Ɓoye ciwo ne kawai.

NA UKU: A BAR TA TA KWANA

In taya da rasor lafiya, to, sai a koma ga iska. Da marece a hura jakunkunan biyu daidai wa daida, a rubuta awon, a bar motar ta kwana ba kaya. In mai injin hura iska ce, makanike ya cire mata fiyus, don kada ta gyara tsayuwarta da dare ta ɓoye laifin.

Da safe a sake aunawa. Sanyin hunturu yana rage iska kaɗan, amma gefe biyu yake ragewa tare. In gefe guda ne ya sauka, to, can iska ke yoyo.

NA HUƊU: RUWAN SABULU

A kaɗa sabulu cikin ruwa har ya yi kumfa. A hura jakar, a shafa ruwan da tsumma, a zuba ido. Inda iska ke fita, kumfa zai riƙa tasowa. Wurare huɗu ake bi:

1. Bakin da ake hura iska. Irin na taya ne. Wani lokaci ƴar ƙusar cikinsa ce ta kwance, ɗaurewa kawai take so.

2. Mahaɗin tiyo, inda ya shiga jaka. In nan ne, a saki iskar, a zare tiyon, a yanke bakinsa daidai da reza mai kaifi, a mai da shi sosai. Kada a yanke da filaya, tana murƙushe bakin.

3. Jikin tiyo. A bi shi da hannu daga farko har ƙarshe. Yana iya gogar ƙarfe ya huje, ko ƙaya ta soke shi, ko ya narke in ya kusanci bututun hayaƙi.

4. Jakar kanta. A duba inda ta naɗe. Nan rairayi ke taruwa yana cin robar, zafin rana kuma yana tsattsaga ta.

Jakar da ta huje ba a yi mata faci kamar tub ɗin keke. Nauyin da take ɗauka ya fi ƙarfin faci. Sakewa ake yi, kuma ya fi kyau a sake biyun tare, gama tare suka tsufa.

IN BA A GA KUMFA BA

Akwai motar da ba kaya tana tsaye daidai, amma da an yi lodi sai ta karkace. A duba ko tiyo ɗaya ne aka raba wa jakunkunan biyu. In haka ne, iska na gudu daga gefen da ya fi nauyi zuwa ɗayan. Maganinsa a ba kowace jaka tiyonta da bakinta.

Mai injin hura iska kuma tana da ɗan ma'auni kusa da taya, mai siririn hannu. Shi ke gaya wa motar tsayinta. In hannun ya lanƙwashe, ko ya tsinke, ko laka ta daskare masa, sai ya ba da labarin ƙarya, motar ta karkace alhali jakar lafiya. A wanke shi, a gwada shi da na ɗaya gefen.

Kada a yi saurin sayen sabon injin hura iska. In shi ne ya mutu, galibi motar duka ke sauka, ba gefe guda ba. Amma in ana jin yana ta aiki ba hutawa, alama ce ta yoyo. In aka ƙyale, zai ƙone, ƙaramin gyara ya zama babba. Abin da ya wuce nan aikin makanike ne mai kayan awo.

RAI YA FI MOTA

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da iska kaɗai ke riƙe da ita. Jaka na iya sacewa nan take, motar ta danne mutum. Jak, wanda wasu ke kira kirik, shi ma bai isa ba. A kashe mota, a cire makulli, a tare tayoyi da duwatsu. A sa katako mai faɗi ƙarƙashin jak don kada ya nutse cikin rairayi. A tokare shasi da kututture mai ƙarfi. A kori yara daga wurin.

ISKA BA TA ƘARA WA MOTA ƘARFI

Nan ne masu motoci da yawa ke ruɗin kansu. Sun ga jakar iska ta ɗaga bayan mota, sai su ƙara buhu biyar. Jakar tana daidaita tsayuwa ne kawai. Birki da taya da shasi suna nan yadda suke.

A takardar mota an rubuta nauyinta ba kaya, da nauyin da ba a yarda ta wuce ba. Misali, in na farko kilo 1,800 ne, na biyu kilo 2,800, a ɗebe ƙarami daga babba, saura kilo 1,000. Buhun gero mai kilo 100 guda 10 ke nan, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Wanda ya koyi ɗebewa a cibiyar yaƙi da jahilci zai iya wannan lissafi a bakin tasha. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Jakar kuma tana da iyakarta. Yawancin waɗanda ake ɗaurawa don taimakon rasor ba a hura su fiye da kilo 7 a ma'aunin mai facin taya. Ba a kuma barinsu ba iska ko kaɗan, ko da motar ba kaya, don kada robar ta matse ta yage.

GA MANOMI DA MAKIYAYI

Mai kaya yana da ikon ya zagaya bayan mota ya dube ta kafin ya biya kuɗi. In ya ga ta karkace, ya tambayi direba cikin ladabi. Direban kirki ba ya fushi da wannan tambaya. A sa kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, kusa da gidan direba. A ɗaure bisashe don kada su taru gefe guda. In an gyara lodi motar ba ta miƙe ba, a jira wata. Kasuwa tana dawowa kowane mako. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma karanta wa direban garinsu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka ga abin da aka noma.