Kafin mu ce aljanu ne, mu tambayi aikin da ya yi

Akwai wani abokina a nan Gure, tare muka yi lakwal. Da aka gano zinariya a arewacin jihar Agadas a 2014, ya bi ayarin samari ya tafi. Shekara uku ya yi yana niƙa dutse, yana cuɗa garin da zaiba, yana ƙona ta a wuta har zinariya ta fito. Hayaƙin nan duk a hancinsa ya ƙare.

Da ya dawo, wallahi ba shi ba ne. Ba ya barci, hannunsa na rawa, abu kaɗan ya hasala shi, ya daina zuwa fada shan shayi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce tiramol. An yi ruƙiyya, an yi turare. Ba wanda ya tambayi abin da ya shaƙa, har ni.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa hayaƙin zaiba yana taɓa ƙwaƙwalwa: rawar jiki, mantuwa, saurin fushi, gudun mutane da ciwon damuwa. Dalma ma haka. Kun tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum? Waɗanda suka rayu, da yawansu ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya nuna cewa matasan da dalma ta fi yawa a jininsu sun ninka waɗanda dalma ta fi ƙaranci a jininsu fiye da sau biyu wajen fama da ciwon damuwa mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu adadin dalma a jini, komai ƙanƙantarsa, da ba shi da illa.

Ban ce duk mai damuwa guba ce ta kama shi ba. Talauci, bashi da dawowa hannu wofi sun isa su karya mutum. Addu'a kuma ba ta hana zuwa likita. Abin da nake cewa, mu daina yanke hukunci kafin bincike.

In ɗan'uwanka ya dawo daga haƙar zinariya halinsa ya canja, ka raka shi likita, ka faɗa musu aikin da ya yi ɗalla-ɗalla. Kada a ƙona zaiba cikin ɗaki. A nisanta yara da tsohon batirin mota da ake fasawa. Iyayenmu mata su yi hattara da kwallin dutse, don yawanci akwai dalma a cikinsa.

Mu kuma mu tambayi magabatanmu: ina saurayin Gure zai auna jininsa, kuma nawa ne? Mun ci kuɗin zinariyar tare. Bai kamata mu bar su su ɗauki ciwon su kaɗai ba.