Madubin likita bai mutu ba, idonsa aka makantar

Da damina ta sauka a Jazira, magudanan da madatsar Sinnar ke ciyarwa tun 1925 kan zama gidan sauro, ɗakunan shan magani kuwa, daga Maiwurno zuwa kambon manoma da ke kewayen Wad Madani, su cika da masu zazzaɓi. Yanzu da ake batun farfaɗo da ɗakunan gwajin da yaƙi ya ɗaiɗaita, magana ɗaya ake ji: a sayo sababbin madubai. Ni ban yarda nan matsalar take ba.

Ɗalibin da ya taɓa duba jini ya san ana tantance ƙwayar maleriya ne da idon da ke ninka abu sau 100, wanda ake ɗiga mai na musamman tsakaninsa da gilashin jinin. To, daga man nan ɓarnar ke farawa. A tashi aiki ba a goge shi ba, ya daskare, ƙurar habub ta manne masa. Washegari mai gwaji ya kama gefen rigarsa ya murje, ƙurar ta karce fuskar gilashin, karcen da ba ya gyaruwa. Wani ya kwarara zailin har ya narkar da ƙaron da ke riƙe gilasan a mazauninsu. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji na tarar ana aiki da man farafin, na ainihin ya ƙare, idon 40 kuma ya jiƙe sharkaf, alhali shi bai kamata ya taɓa mai ba ko kaɗan.

Wanda ke biyan wannan sakaci shi ne majiyyaci. Ta dusasshen ido, ɗigon datti ko gurɓin rinin Giemsa sai ya ɗauki kamar ƙwayar cuta. Yaron da taifot ke ci a ba shi maganin maleriya, mai ɗauke da ƙwayoyi kaɗan kuma a sallame shi.

Akwai masu cewa gwajin gaggawa ya raba mu da wannan wahala. Su waiwayi Eritiriya, maƙwabciyar Sudan, inda a 2016 aka tabbatar da yaɗuwar ƙwayoyin da ba su da sinadarin HRP2 da gwajin ke nema, dole aka sauya shi. Da madubi aka gano mutanen na ɗauke da cutar.

Saboda haka duk wanda zai aika akwatin madubi ƙauyukan Shuɗin Nilu, ya haɗa da takardar goge ido, da man da zai kai shekara, da murfin ƙura, da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi don kada fumfuna ta ci gilashin, ya kuma ware kuɗin mai gyara da zai riƙa zagayawa.