Range Rover ta miliyan takwas: nawa take ci a Toumboutou?

Dillalan mota a Kwatano suna da maganar da suke yi wa ɗan arewa idan ya tsaya gaban tsohuwar Range Rover. Motar manya ce. Kuɗinta ya faɗi warwas. Babu hanyar da za ta gagare ta. Maganar tana shiga kunne, musamman ga wanda albasa ko shinkafa ta yi masa kyau a Toumboutou, ko ɗan kasuwar Malanville da ya gaji da hawa motar haya. Dillali bai yi ƙarya ba a ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da bai faɗa ba shi ne lissafin, kuma mu da za mu zaro kuɗin daga aljihu mu ne ya kamata mu yi shi.

Mu fara da sabuwa. A Ingila yanzu babbar Range Rover ta haura fam 100,000. A sefa, wajen miliyan 75 ke nan, kafin jirgin ruwa, kafin duwan. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun Janairun 2023 sefa 52,000 ne a wata, wato 624,000 a shekara. A raba. Shekara 120 na albashin lebura. Babu mai sayen wannan a Toumboutou, don haka mu bar ta. Wadda ake kawo mana ita ce mai shekara goma sha biyar, ƙirar 2010 ko kewayenta. Mai babban inji a cikinsu ta kai kusan dalar Amurka 95,000 tana sabuwa, wajen sefa miliyan 47 a canjin lokacin. Mu ɗauka yau an sallama mana ita miliyan 8, da duwan da takardu. Wanda aka yi wa wani farashi ya sa nasa a gurbin. Miliyan 39 sun zube a hanya. Tambayar ita ce, me ya sa?

Masu ita na farko ba wawaye ba ne. Kasuwa ta riga ta ƙirga gyaran da ke gaba, ta cire shi daga kuɗin motar. Kuɗin mota yana faɗuwa da shekaru. Kuɗin kayan gyaranta ba ya faɗuwa. Famfon ruwa na motar miliyan 47 yana nan a kuɗinsa ko da motar ta koma miliyan 8. Mai saye na huɗu ya biya kashi 17 cikin ɗari na kuɗin motar, amma zai biya kashi ɗari cikin ɗari na kuɗin kowane ƙarfe.

Sunan da ake sayar mana ba na wannan motar ba ne. Kakanninmu sun san Land Rover ta farko, wadda kamfanin Rover ya fitar a 1948 daga masana'antar Solihull. Jikinta sanholo ne, domin ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sifirin ɗinta na ganye ne irin na akori-kura. Ita ce motar jami'an mulki, malaman dabbobi da 'yan mishan. Bakaniken ƙauye yakan kwance ta da sifana da guduma a gindin bishiya, ta tashi. Range Rover ta biyo a 1970, kuma ta farkon ma mai sauƙi ce: kujerun roba, daɓen da ake wankewa da tiyo. Ita ta zo ta ɗaya a rukunin motoci a tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979, wanda ya ratsa Nijar, ta sake ci a 1981. Wannan tarihi na gaske ne. Sai dai tsakanin motar 1979 da ta 2010 suna kawai suka haɗa. Ta 2010 kwamfutoci ne barkatai a kan tayoyi huɗu, kuma sifana ba ta magana da kwamfuta. A tsakanin nan ne Toyota ta ƙwace hanyoyin Sahel da Land Cruiser da Hilux. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Alibori sun yi nasu lissafin tuntuni. A duba abin da suke hawa.

Kamfanin kansa ya sha sauya hannu. Gwamnatin Birtaniya ta karɓe British Leyland, uwar kamfanin Rover a lokacin, a 1975 don kada ya durƙushe. British Aerospace ya saya a 1988. BMW ya karɓa a 1994 a kan fam miliyan 800. Ford ya sayi Land Rover a 2000 a kan kusan dala biliyan 2.7, bayan ya riga ya sayi Jaguar a 1989 a kan kusan biliyan 2.5. Jimla 5.2. A 2008 ya sayar da su biyun ga Tata na Indiya a kan biliyan 2.3. Bai mayar da ko rabi ba.

Wannan tarihin yana shafar aljihun mai mota kai tsaye. Range Rover da aka ƙera daga 2002 zuwa 2012 kusan jiki ɗaya ce a ido. A ciki ba haka ba ne. Na farkon suna ɗauke da injin BMW. Daga 2006 aka koma injin Jaguar. Daga 2010 aka sa sabon inji mai lita 5. Masu gas kuma nasu daban. Ƙarfen wannan ba ya shiga wancan. Wanda ya aika yaro kasuwa ya ce a kawo masa kayan Range Rover, bai faɗi komai ba. Sai da lambar shasi. In aka yi kuskure, kayan sun yi tafiyar kilomita 730 daga Kwatano a banza, kuma za su sake yin ta.

Yanzu mai. Injin lita 5 yana shan wajen lita 17 a kilomita 100 bisa gwajin Amurka. A burji da yashi, ga na'urar sanyaya iska a kunne cikin zafin Afrilu, ya wuce haka. Mu bar shi a 17. Lita a gidan mai kusan sefa 700 ce. Tankinta ya ɗan haura lita 100. Cikawa ɗaya sefa 70,000, ta fi albashin lebura na wata da jika 18. Malanville zuwa Kwatano da dawowa kilomita 1,460 ne: lita 248, sefa 173,600. Hilux mai shan lita 10 za ta yi tafiyar a kan 102,200. In mutum yana yin kilomita 15,000 a shekara, lita 2,550 ke nan, sefa 1,785,000. Hilux, 1,050,000. Bambancin 735,000 duk shekara, kuma ba a taɓa ko noti ɗaya ba.

Wani zai ce ai akwai kpayo, fetur ɗin kwalba na bakin hanya. Da can akwai sauƙi a nan, lokacin da fetur ɗin Najeriya mai tallafi yake kwararowa ta Illo da Segbana. Shugaba Tinubu ya cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, kuma cikin kwanaki kwalba ta yi tsalle har ta kamo ta gidan mai. Ko da ratar ta dawo, a dubi yadda ake zuba shi. Kwalbar ta wuni a rana a kan tebur. Yaro ya ɗora mazurari, ya shimfiɗa ƙyalle a bakinsa, ya tuttula. Abin da ƙyallen ya tare shi ake gani. Ruwan da ya kwanta a gindin jarka ba ya tsayawa a ƙyalle. Babur ɗin Bajaj yana haɗiye wannan ya wuce. Injin da ke fesa mai kai tsaye da matsi mai ƙarfi, wanda aka ƙera don fetur mai oktan 95, ba ya yafewa. Masu gas ma ba su tsira ba. A Turai sinadarin sulfa a gas ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa a 2016, wanda ya haɗa da Benin, ya sami gas a Afirka da ya ninka wannan har sau 378. ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 a 2020, amma wanda ke saye a bakin hanya ba shi da abin aunawa. Matatar hayaƙin motar Turai tana toshewa da irin wannan mai.

Gyara shi ne babban rami, kuma a nan akwai alƙaluma da ba mu muka ƙirƙira ba. Kamfanin J.D. Power yana tambayar masu motoci 'yan shekara uku a Amurka matsala nawa suka gani cikin wata goma sha biyu. A sakamakon 2021, Lexus ta sami 81 a kowace mota ɗari. Toyota 98. Matsakaicin kasuwa 121. Land Rover 244, ita ce ta ƙarshe. A yi adalci: ƙorafin ya haɗa da ƙananan abubuwa irin rediyo da allo. To amma motocin nan shekara uku gare su, a ƙasar da garajin kamfani yake kusa da gida. Tamu ta ninka su biyar a shekaru.

Inda ta fi kama mutane shi ne ƙafa. Tun 1992 Range Rover take tsayawa a kan jakunkunan iska na roba maimakon sifirin, da famfon da ke hura su. Daɗin tafiyarta daga nan yake, kuma daɗin na gaske ne. Wanda ya shiga ta daga Kandi zuwa Parakou ya san bayansa bai yi ciwo ba. Amma roba tana tsagewa da zafi da ƙurar hunturu. Da farko za a ga gefe ɗaya ya ɗan sunkuya da safe, a kunna ta miƙe. Mai mota ya ce ba komai. Famfon kuwa yana aiki ba hutawa don ya cike abin da ke zurarewa, har ya ƙone. Rannan sai a tarar da ita ta gurfana a kan tayoyinta kamar raƙumi, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. A wannan hali ba za ta fita daga layin gida ba, balle lakar damina tsakanin Toumboutou da kwalta. Da yawa sukan cire jakunkunan su sa sifirin na ƙarfe. Motar ta tashi, amma abin da aka saye ta dominsa ya tafi, ga fitilar gargaɗi a kunne. Bayan ƙafa akwai sarƙar cikin injin lita 5 da take sassautawa, da bututun ruwa na roba da ke fashewa a ɓoye. In ruwa ya tsiyaye injin ya yi zafi minti kaɗan, magana ta koma ta sayen wani inji.

Nawa za mu ware? Mu ɗauki kashi 2 kacal cikin ɗari na kuɗinta tana sabuwa. Wajen miliyan ɗaya a shekara. Wanda ya riƙe irinta zai ce na rage. Ban da wannan akwai nisa. Kandi kilomita 100 ce daga Malanville, Parakou ta haura 300, Kwatano 730. Bakaniken Malanville gwani ne a kan tirela da Toyota da Peugeot, domin su yake gani kullum. Wannan kuwa sai an jona mata na'urar da ta san harshenta. Ko dai a ɗauko mai na'urar, a biya masa mota da masauki, ko a ɗora motar a bayan wata. Kwanakin da take kwance, mai ita yana biyan kabu-kabu.

A haɗa na shekara uku. Mai, 5,355,000. Gyara, 3,000,000. Taya huɗu masu inci 20, mu ce jika 100 kowace, sau ɗaya, 400,000. Inshora da harajin mota da binciken lafiyarta, mu ce jika 200 a shekara, 600,000. In an yi sa'a an sayar da ita rabin kuɗinta, an yi asarar 4,000,000. Jimla 13,355,000. A raba da wata 36: sefa 371,000 kowane wata, albashin lebura bakwai. A raba da kilomita 45,000: kusan sefa 300 a kowane kilomita. Motar da aka ce ta miliyan 8 ce ta ci fiye da miliyan 13, kuma a cikin lissafin nan inji bai mutu ba, giya ba ta lalace ba.

Rabin kuɗin nan ma da na sa na sayarwa, zato ne mai kyau da yawa. Wa zai saya? Shekaru da dama Malanville mashigar motoci ce. Jerin motoci 'yan Kwatano yakan haye gadar Kogin Kwara zuwa Gaya, daga can su bi Birnin Konni da Maraɗi, da yawansu su ƙare a Sakkwato da Katsina da Kano. Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe gadar kanta. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Mutane da buhuna sun koma kwale-kwale. Mota mai nauyin tan biyu da rabi ba buhun masara ba ce. Naira kuma ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a farkon 2023 zuwa wajen 1,500 a 2024, don haka alhajin Kano da zai taya ta a da, yau kuɗinsa bai kai ba. Masu saye sun ragu zuwa na cikin gida, su kuma sun ga motar tana gurfane a ƙofar gida watanni biyu.

Akwai wanda lissafin ba zai dame shi ba: mai mota ta biyu a gida, mai harka a Kwatano duk wata, wanda sefa 371,000 ba ta taɓa jarinsa. Shi ya saya, ya ji daɗinta. Wanda kuɗin motar daga kakar albasa ɗaya ya fito, kafin ya miƙa ko dala, ya karɓi lambar shasi, ya sa a jona na'ura a gabansa, ya bar motar ta kwana a kashe ya dawo da asuba ya auna tsayin kusurwoyinta huɗu. Sannan ya tambayi kuɗin jakar iska ɗaya da famfonta a wurin mai sayar da kayan gyara, ba a wurin dillali ba, ya ninka jakar sau huɗu.