Jarrabawar shiga banki: haddar bara ba ta cin ta bana

Duk lokacin da wani banki ya ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, sai matasa masu takardun shaidar karatu su yi ca a ƙofarsa, alhali guraben ba su taka kara sun karya ba. A irin wannan jarrabawa, bayan lissafi da Faransanci da ilimin riƙon littattafan kuɗi, akan tambayi ɗan takara abin da duniya take ciki: labarin ƙasa, da na ƙetare, da na tattalin arziki, da na kimiyya. A nan ne da yawa daga cikin masu ƙoƙari suke yin tuntuɓe, kuma sanadin abin yana ga yadda suke shiri. Yaro yakan ari takardun da yayansa ya yi karatu da su shekaru biyar ko shida da suka wuce, ya kai a yi masa fotokofi, ya zauna ƙarƙashin fitila yana haddar sunaye da ranaku kamar mai tilawa. Ranar jarrabawa sai ya amsa tambayar bana da amsar bara.

Misalai uku sun isa su nuna girman hasarar. Tsohuwar takarda tana cewa ƙungiyar CEDEAO tana da ƙasashe 15, kuma Nijar na cikinsu. To, Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ƙasashe 12 suka rage. Tsohuwar takarda tana cewa wajibi ne babban banki BCEAO ya ajiye rabin kuɗaɗensa na ƙetare a baitulmalin Faransa. Wannan sharaɗi an sanar da soke shi a Abijan ranar 21 ga Disamba 2019, a bakin shugabanni Alassane Ouattara da Emmanuel Macron. Tsohuwar takarda tana lissafa kamfanin Cominak cikin masu haƙar yuraniyom a yankin Arlit, alhali ya rufe ramin haƙarsa tun watan Maris 2021. Wanda ya haddace waɗannan ya sha wahala, ya ƙona kananzir, amma ya haddace kuskure.

Sai dai ko da takardar sabuwa ce fil, hadda ita kaɗai ba ta wadatarwa. Labarin ƙasa da na ƙetare da na tattalin arziki da na kimiyya, da ake jerawa kamar rumfuna huɗu a kasuwa, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma bakin igiyar yana cikin akwatin kuɗin banki. Ruwa ba ya tsami banza. Mai gyaran takarda yana son ya ga ɗan takara ya san abin da ya jawo abu, da abin da shi kuma ya haifar.

Mafarin igiyar shi ne kuɗin sefa kansa. An ƙirƙiro shi ranar 26 ga Disamba 1945. Babban bankin da yake buga shi, wato BCEAO, yana Dakar. Hukumar da take sa ido a kan bankuna tana Abijan. Bankin raya ƙasashe BOAD yana Lome. Hukumar zartarwa ta ƙungiyar UEMOA kuma tana Wagadugu. Ƙasashe takwas suke tarayya a kansa: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka sanar da karya darajarsa: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Dattawan kasuwar Maraɗi ba su manta ba. Kayan da ake shigowa da su daga Turai sun yi tashin gwauron zabo, magani ya gagari talaka, ma'aikacin gwamnati kuma, wanda dama yana bin bashin albashi, ya ga abin da ke hannunsa ya kasa kai shi ƙarshen wata. Masu fitar da dabbobi da albasa da wake su ne suka ɗan samu sa'ida, domin kayansu sun yi araha ga mai saye daga waje. Tun ranar 1 ga Janairu 1999 kuwa, sefa take ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye: yuro ɗaya, sefa 655 da ɗigo 957, wato kusan 656. Gyaran da aka yi a 2019 bai taɓa wannan ɗauri ba.

Wanda ya fahimci wannan ɗauri zai karanta labarin 2022 da idon ma'aikacin banki. A watan Fabrairu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, alkama da takin zamani da man fetur suka yi tsada a kasuwannin duniya. Yuro ya yi rauni har ya faɗo ƙasa da dalar Amurka, abin da aka shekara ashirin ba a gani ba. Da yake sefa a bayan yuro take goye, sai ta faɗi tare da shi. Dalar Amurka da take wajen sefa 540 a farkon 2021 ta haura 656. Ɗan kasuwar da yake saro kaya na dalar Amurka dubu 10 daga Dubai ko ƙasar Sin, wanda a da yake biyan sefa miliyan 5 da dubu ɗari 4, sai ga shi yana biyan fiye da miliyan 6 da rabi, ba tare da an ƙara masa ko kwali ɗaya ba. Don taka wa hauhawar farashi birki, BCEAO ya riƙa ɗaga kuɗin ruwan da yake ɗora wa bankuna, daga kashi 2 cikin ɗari a farkon 2022 har zuwa kashi 3 da rabi a watan Disamba 2023. Idan banki ya ranto da tsada, da tsada zai rantar. Ta haka harsashin da aka harba a gabashin Turai ya iso har takardar neman bashi ta mai shago a Damagaram.

Labarin 2023 ya fi wannan kusa da gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO da UEMOA sun ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga wata. An rufe iyakoki, an ƙulle asusun gwamnati a babban banki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar. Manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanbil, daga baya aka karkatar da kaya ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa mai haɗari. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, bankuna suka taƙaita abin da mai ajiya yake iya cirewa. A watan Yulin nan ne kuma Indiya ta hana fitar da farar shinkafa, tsada ta hau kan tsada. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024 a Abuja. A nan akwai tarko da ɗan takara ya kamata ya kiyaye: CEDEAO daban, UEMOA daban. Ƙasashen nan uku da suka sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma ranar 16 ga Satumba 2023, suka kafa tarayyar AES a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, CEDEAO suka bari. A ranar da ficewar ta tabbata suna nan cikin UEMOA, kuɗinsu kuma sefa ne. Wanda ya cakuɗa biyun ya nuna bai san gidan da yake neman aiki ba.

Haka nan ba a shiga banki a kudancin Nijar ba tare da sanin lafiyar naira ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce naira 1400 a watan Fabrairu 2024. Masu sayar da mai a kwalabe a Ƙonni da Maraɗi su ne suka fara ji a jikinsu. Sannan mai kai shanu Jibiya ko Illela ko Maigatari ya riƙa dawowa da buhun naira wanda, in aka canza shi, bai kai kuɗin da ya saba samu ba. Irin wannan mutum ne yake da asusu a banki, kuma shi ne zai zo neman a jinkirta masa biyan bashi.

Kimiyya ma ba a gefe take ba. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a watan Maris 2011 sun sa ƙasashe da dama ja da baya daga makamashin nukiliya, farashin yuraniyom ya daɗe a ƙasa, Arlit ta ɗanɗana. A wannan shekara ta 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a rana. A 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara fita kasuwar duniya ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2000, wanda ya ƙare a gaɓar Seme ta ƙasar Benin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana taɓa abin da yake shiga baitulmali, baitulmali kuwa shi ne yake biyan albashin da yake ratsawa ta bankuna kowane ƙarshen wata. Ga kuma wayar salula, wadda ta mai da aika kuɗi aikin daƙiƙa kaɗan, ta tilasta wa bankuna sake tunani a kan sana'arsu.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa mai ƙidayar kuɗi a bayan kanta da duk wannan? Tarihin ƙasar nan ya riga ya ba da amsa. A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin yuraniyom ya kwararo, aka yi ta ba da bashi hannu sake. Da farashi ya karye a farkon shekarun 1980, basussuka da yawa suka maƙale, har babban bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ya gaje shi. Masu ajiya sun ga ta kansu. Yaron da yake zaune a bayan kanta yau, gobe shi ne zai duba takardar mai neman bashin miliyan 50, kuma kuɗin da zai bayar amanar ƴan kasuwa ce da ma'aikata. In bai san abin da rufe iyaka ko faɗuwar naira yake yi wa ciniki ba, ko dai ya ba wanda ba zai iya biya ba, ko ya hana wanda ya cancanta.

Saboda haka shiri na ƙwarai ba shi da wuyar bayani, haƙuri kawai yake so. Ɗan takara ya samu littafin rubutu guda, kowane mako ya zaɓi labari uku ko huɗu daga rediyo da jaridu, ya rubuta ranar kowanne da shekararsa, sannan ya amsa tambayoyi uku a ƙarƙashinsa: me ya jawo shi, wa ya ci riba wa ya yi hasara, kuma ta wace hanya yake isowa ga sefa? Ya riƙa karanta sanarwar da kwamitin manufofin kuɗi na BCEAO yake fitarwa kowane wata uku, domin gajera ce, kuma da harshen da ake so ya iya aka rubuta ta. Duk adadin da ya gani a tsohuwar takarda kada ya amince da shi sai ya duba shekararsa. Daga nan ya taka zuwa kasuwa, ya tambayi masu canji nawa naira take yau, ya tambayi masu shinkafa nawa buhu yake da dalilin da ya sa.

Iyaye ƴan kasuwa kuma suna da abin bayarwa fiye da kuɗin fotokofi. Alhajin da ya ga karyewar sefa a 1994, ya ga rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, ya ga takunkumin 2023, yana riƙe da darasin da babu shi a takardun makaranta. In ya zaunar da ɗansa ya ba shi labarin yadda kowanne ya taɓa jarinsa, ɗan kuma ya haɗa da abin da ya karanta, rabin aikin ya kammala. Allah ya ba mai rabo sa'a.