Aku Mai Magana Ba Ihu: Tambayar Da Ke Bukatar Gyara

Wani aminina manomin masara da auduga a ƙasar Malumfashi ya tare ni kwanakin baya da tambaya. Ya ce kaka ta yi kyau, yana so ya sayo wa 'ya'yansa aku, amma wanda ya iya magana, ba mai cika gida da ihu ba kamar na wani maƙwabcinsa da ke Funtuwa. Wane iri zai zaɓa? Na ba shi amsa a gurguje, daga baya na ga ya dace in faɗaɗa ta a nan, domin ba shi kaɗai ke da wannan sha'awa ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam yana yaro, ya ga yadda aku ya zama waziri saboda fasahar bakinsa, ba zai rasa kwaɗayin mallakar irinsa ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, magana da ihu tushensu ɗaya. Aku ba shi da irin maƙogwaron ɗan Adam. Sautinsa yana fitowa ne daga wata gaɓa da ke can ƙarshen bututun numfashi, daidai inda ya rabu biyu ya shiga huhu, sa'an nan harshensa mai kauri ya gyara sautin. A dawa yakan rayu cikin garke, kuma da murya yake sanin inda 'yan'uwansa suke, musamman da asuba in za su fita kiwo, da almuru in za su koma makwanci. In aka raba shi da garke, sai ya ɗauki mutanen gida a matsayin danginsa, ya kwaikwayi sallamarsu da tarinsu da ƙarar ƙofarsu don ya shiga cikinsu. In kuwa suka watse suka bar shi, sai ya ɗaga murya yana kira. Ashe ke nan baiwar da ke sa shi magana ita ce ke sa shi ihu. Wanda ya ce yana son ɗaya ba ya son ɗaya, tamkar mai son ruwan sama ne amma ba ya son tsawa.

Babu shakka a fagen kwaikwayo babu kamar aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda masana ke kira Psittacus erithacus. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30, daga 1977 zuwa 2007, tana nazarin wani irinsa mai suna Alex, wanda ya san kalmomi sama da 100, yana kuma bambance launi da siffa da ƙidaya. Sai dai wannan tsuntsu ba ɗan ƙasarmu ba ne. Gidansa kurmi ne, irin na Kuros Riba da Neja-Delta da Kamaru da Kwango, inda yake cin kwakwar manja, yana ƙwai a kogon manyan itatuwa. Wanda ake kawo mana nan arewa a ɓoye cikin kwali, galibi da danƙo ko raga aka kamo shi, ko aka kwaso shi daga sheƙa, kuma kafin ɗaya ya iso da rai wasu da dama sun mutu a hanya saboda ƙishirwa da cunkoso. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Ghana ta yi asarar kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992. A shekarar ta 2016 ne kuma, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg, aka hana cinikin wanda aka kamo daga dawa tsakanin ƙasashe. Nijeriya tana cikin wannan yarjejeniya, tana kuma da tata dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. In gemun maƙwabci ya kama wuta, hikima ita ce mu shafa wa namu ruwa.

Ko da mun ajiye batun doka, ciniki ne na asara. Babban aku da aka kamo daga dawa a tsorace yake. Da ka matso sai ya yi ta gurnani da ƙara, kuma da wuya ya koyi magana sosai. Ga hunturunmu mai bushewa da ƙura, wanda bai dace da tsuntsun kurmi ba. Ga kuma abincin da muka saba ba shi, gyaɗa da masara kawai. Wannan abinci ba shi da isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna a rumbu guba ce gare shi. Kaɗaici kan sa ya riƙa fige gashinsa da kansa har ƙirjinsa ya koma tsirara. Bugu da ƙari, tsuntsun da ya wahala a hanya yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum kan shaƙa daga ƙurar busasshen kashinsa ta kama masa huhu. Kada kuma a manta, aku mai lafiya kan kai shekara 40 zuwa 60. Yaron da aka saya wa shi zai yi aure ya haihu, tsuntsun yana nan yana neman kulawa.

To, mece ce mafita? Wasu sukan koma ga tsirya mai doguwar wutsiya, ko ƙaramin akun nan mai kan toka da ciki ruwan ɗorawa, waɗanda manomi kan gani a kan kuka da ɓaure, suna sauka gonar dawa in ta nuna. Tsirya muryarta da kaifi. Na biyun ya fi ta sauƙin hayaniya, amma maganarsa kaɗan ce. Su ma a ganina barinsu a dawa ya fi, domin sare itatuwa ya riga ya rage musu kogunan ƙwai. Wanda ya matsu, ya nemi ƙaramin tsuntsun nan ɗan asalin Ostareliya da ake kira bajariga. Tun da aka kai shi Ingila a 1840 ake hayayyafa shi a keji, don haka sayensa bai rage kome a dawa ba. Muryarsa ba ta hana maƙwabci barci, kuma namijinsa, in aka same shi yana ƙarami, yakan koyi magana. Wani mai suna Puck ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728.

Kowane iri aka samu, tarbiyyar ɗaya ce. A ajiye shi inda iyali ke zama, nesa da hayaƙin murhu. A ba shi ganye da 'ya'yan itace tare da hatsi, a bar shi ya yi barci cikin duhu da shiru. In ya yi ihu kada a tsawata masa, domin tsawa a wurinsa amsa ce, sai ya ƙara. In ya furta kalma a hankali, nan take a kula shi. In ya nuna alamar ciwo, a kai shi ga likitan dabbobi.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ba shi da lokacin hira da tsuntsu kullum, gara ya sayi rediyo, wadda in ta dame shi sai ya kashe. Aminina dai ya fasa. Ya ce zai bar tsohuwar kukar da ke gefen gonarsa, wadda dā ya yi niyyar sarewa, domin yara su riƙa ganin tsirya tana shiga kogonta. Allah Ya sa mu gane amanar halittunSa da ke hannunmu.