Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Zaman Iyalan Soja A Gidajen Kamfani A Amurka

 Da yawa daga cikinmu idan aka ce wance tana auren soja a Amurka, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne gida na alfarma wanda gwamnati ta bayar kyauta, ga ciyawa kore shar a ƙofar gida, ba ruwanta da mai gidan haya balle ɗan kamasho. Ni da na yi shekaru a irin waɗannan gidaje tare da maigidana da yaranmu, ina so in faɗa muku cewa maganar ba haka take ba. Gidan yana cikin bariki, amma kamfanin 'yan kasuwa ne ke riƙe da shi, haya kuma ake biya duk wata. Ra'ayina a kan wannan tsari shi ne, an gina shi ne ta yadda kamfani ba ya tsoron ɗan haya, kuma duk inda mai gidan haya ya daina tsoron fitar ɗan haya, to gyara sai ya ga dama.

Bari in fara da yadda abin ya samo asali, domin adalci shi ne a san dalilin da ya sa aka yi abu kafin a kushe shi. A farkon shekarun 1990 ma'aikatar tsaron Amurka tana da gidajen iyalan soja kusan 300,000, kuma ita da kanta ta yarda cewa fiye da rabinsu sun tsufa sun lalace. Aka yi lissafi aka ga idan za a jira kasafin kuɗin gwamnati na shekara-shekara, za a kwashe shekaru masu yawa ba a gama gyara ba. Sai a 1996, zamanin Shugaba Bill Clinton, majalisa ta yi dokar da ta ba sojoji damar shigo da kamfanoni. Gwamnati ta ba su hayar filayen, galibi na tsawon shekara 50, ta miƙa musu gidajen, su kuma suka ciwo bashi daga masu zuba jari domin su rushe tsofaffi, su gina sababbi, su ci gaba da kula da su. A yau kusan kashi 99 cikin ɗari na gidajen iyalan soja da ke cikin Amurka, wato gidaje sama da 200,000, suna hannun kamfanoni 'yan ƙalilan, irin su Balfour Beatty Communities da Hunt da Corvias.

To ina kuɗin ke fitowa? Kowane soja mai iyali yana da alawus ɗin gida da suke kira BAH, wanda ake yanke shi gwargwadon muƙaminsa da tsadar garin da aka tura shi. Idan ya zaɓi zama a waje, kuɗin na shiga hannunsa ya je ya nemi haya. Idan kuwa ya shiga gidan bariki, a mafi yawan lokuta alawus ɗin kacokan shi ne kuɗin hayar, kuma daga albashi ake zare shi kai tsaye ya wuce asusun kamfani tun kafin mai shi ya gan shi. Ku duba wannan da kyau, domin nan ne gizo ke saƙa. Wane mai gidan haya ne a duniya yake da tabbacin cewa hayarsa za ta shigo duk wata har shekara 50, ko ya gyara rufi ko bai gyara ba?

Ba zan yi butulci ba. Zaman bariki yana da daɗinsa, musamman ga baƙuwa irina. Bariki a can gari ne guda, da asibitinsa da kantinsa mai rahusa da wuraren wasan yara, wasu ma har da makarantu. Akwai masu gadi a ƙofa dare da rana. Lokacin da aka tura maigidana aiki wata ƙasa na watanni, maƙwabtana matan sojoji su ne suka zame mini dangi, duk da ba addininmu ɗaya ba, ba kuma yarenmu ɗaya ba. Wata ta kai mini yara makaranta ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, wata ta koya mini tuƙi a kan ƙanƙara. Haka kuma tsofaffin matan soja da suka zauna a gidajen gwamnati na da sun sha gaya mini cewa sababbin gidajen da kamfanoni suka gina sun fi na da girma da kyau nesa ba kusa ba. Na yarda da su. A wajen gini, tsarin ya yi abin da aka kawo shi ya yi.

Amma gina gida daban, riƙe shi daban. Ranar da aka yanke kirtani aka ɗauki hoto, ranar aikin kula ke farawa, kuma nan ne aka samu tangarɗa. A ɗaya daga cikin gidajen da muka zauna, wanda ba zan kira sunan barikin ko na kamfanin ba, bangon banɗaki ya fara jiƙewa, fumfuna baƙa ta fito a kusurwa. Na kai ƙara ofis. Aka turo mutum ya shafa fenti ya tafi. Bayan mako uku ta dawo. Da na duba a intanet sai na ga an rubuta cewa an kammala aiki, an rufe takarda. Sau uku ana haka kafin a yarda a fasa bangon, inda aka tarar bututun ruwa ne ke yoyo a ciki. Duk wannan lokaci ƙaramar 'yata tana tari da daddare, haya kuma tana fita cif-cif ba a rage ko sisi ba.

A lokacin na ɗauka rashin sa'a ce tawa ni kaɗai. Sai a 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fara fitar da jerin rahotannin bincike a kan gidajen bariki: fumfuna, ɓeraye, wayoyin wuta marasa kyau, da fenti mai gubar dalma a tsofaffin gidaje, har da yaran da aka auna jininsu aka samu gubar a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani a kan haɗarinta ga ƙwaƙwalwar yaro ba. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma gidajen da aka gina kafin nan suna nan, kuma aikin mai kula da su ne ya tabbatar fentin bai ɓare ya shiga bakin yara ba. A watan Fabrairu na 2019 matan sojoji suka zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawa suka faɗi abin da suke gani, manyan hafsoshi kuma suka fito suka amince cewa sun yi sakaci da sa ido.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wanda ya biyo baya. A watan Disamba na 2021 kamfanin Balfour Beatty Communities ya amsa laifin zamba a gaban kotu, ya yarda zai biya sama da dala miliyan 65 na tara da diyya. Laifin kuwa shi ne, tsakanin 2013 da 2019 ma'aikatansa sun riƙa sauya bayanan gyare-gyare domin a nuna cewa suna amsa koke a kan lokaci, saboda akwai ladan ƙwazo da sojoji ke biyan kamfanin idan alƙaluman sun yi kyau. Wato wanda ake aunawa shi ne ke riƙe da ma'aunin. An ba kura ajiyar nama kenan. A watan Afrilu na 2022 kuma wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Jon Ossoff ya fitar da rahoton da ya nuna cewa iyalai a barikin Fort Gordon sun ci gaba da fama da irin waɗannan matsaloli har bayan shekarun da shari'ar ta shafa.

Wani zai ce, ai ba dole aka yi wa kowa ba, wanda bai ji daɗi ba ya fita ya kama haya a gari. Wannan magana tana da sauƙin faɗa ga wanda bai san rayuwar soja ba. Duk shekara biyu ko uku ana ɗaga iyali daga wannan jiha zuwa waccan. Ka sauka a garin da ba ka san kowa ba, da yara da kaya a mota, ga ranar fara aiki ta matso. A garuruwa masu tsada alawus ɗin ƙaramin soja ba ya isa gida mai kyau a waje, kuma sai ya biya kuɗin ajiya, ya nemi mota ta biyu. Wanda ya riga ya shiga gidan bariki kuma, idan ya ce zai fita a tsakiyar zango, sau da yawa ɗawainiyar ƙaura a kansa take. Saboda haka zaɓin da ake cewa yana da shi, a takarda kawai yake, musamman ga ƙananan sojoji, waɗanda su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi ƙarancin murya.

Sai kuma tsoro, wanda ba a cika rubuta shi a rahoto ba. Ɗan haya na gari idan ya yi faɗa da mai gida, shugabansa na wurin aiki ba zai ma ji labari ba. Soja kuwa gidansa da aikinsa a cikin shinge ɗaya suke. Matar da ta cika kai ƙara tana fargabar kada a ce mijinta ya kasa tsawata wa iyalinsa, kada maganar ta kai kunnen kwamanda ta taɓa ƙarin girmansa. Na ga mata da yawa sun haɗiye kukansu saboda wannan. Kwamandan da ke son taimakawa ma hannunsa a ɗaure yake, domin ba shi ya ɗauki ma'aikatan kamfani ba, ba kuma zai iya korarsu ba. Idan aka je kotu, akwai wata ƙa'ida da ke cewa filayen bariki da yawa na gwamnatin tarayya ne zalla, don haka dokokin kare 'yan haya da jiha ta yi bayan ta miƙa filin ba lallai su yi aiki a ciki ba, kuma kamfanoni sun sha fakewa da wannan. Mutumin da ya ɗauki bindiga domin kare ƙasa sai ya zama yana da ƙarancin kariya a gidansa fiye da farar hular da ke zaune a bayan katangar barikin.

An yi gyara, ba zan musa ba. Dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a Disamba na 2019 ta tilasta fitar da kundin haƙƙoƙin ɗan haya guda 18. A ciki akwai haƙƙin ganin tarihin gyare-gyaren gida na shekara bakwai kafin ka shiga, da haƙƙin kai ƙara ba tare da ramuwar gayya ba, da hanyar sasanta rikici wadda za a iya ajiye kuɗin haya a gefe har a warware. Sai dai a 2023 ofishin binciken ayyukan gwamnati na GAO ya gano cewa 'yan haya, har ma da wasu jami'an gidaje, ba su da cikakken bayanin yadda ake bin hanyar sasantawar. Haƙƙin da mai shi bai san yadda zai karɓa ba, amfaninsa kaɗan ne. Kuma tun da kwantiragin na shekara 50 ne, sai da aka bi kamfanoni ana lallashi kafin su yarda da wasu sharuɗɗan. Tsalle ɗaya aka yi aka faɗa rijiya, ga shi ana ta dubu ba a fita ba.

Ingila ma ta ɗanɗana irin nata. A 1996 ma'aikatar tsaronta ta sayar wa kamfanin Annington gidajen iyalan soja kusan 55,000 a kan fam biliyan 1.66, sannan ta koma tana hayarsu daga hannunsa, nauyin gyara kuma yana wuyanta. A Disamba na 2024 ta sanar da cewa za ta sake sayen sama da 36,000 daga cikinsu a kan kusan fam biliyan 6. Tsarin nasu ya bambanta da na Amurka, amma darasin ɗaya ne: gwamnatin da ta guje wa kashe kuɗi yau ta hanyar dogon kwantiragi, gobe za ta biya ninki, kafin nan kuma iyalan da ke cikin gidajen su ne ke shan wuya.

Ni ban ce a kori kamfanoni a koma gidan jiya ba, domin gidan jiyan ma yoyo yake yi. Abin da nake gani shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada a rufe takardar gyara sai wanda ke cikin gidan ya sa hannu cewa an gyara. Masu duba lafiyar gidaje su kasance ba kamfani ke biyansu ba. Ladan ƙwazo ya dogara da shaidar 'yan haya da ta masu duba, a daina dogaro da alƙaluman da kamfani ya rubuta wa kansa. A kuma ba iyalan soja damar zuwa kotu da irin kariyar da kowane ɗan haya ke da ita a jihar da suke.

Ke kuma 'yar uwa da aure ko aiki zai kai ki irin wannan zama, ga 'yar shawarata. Ranar da aka ba ki makulli, ki ɗauki hoton kowane lungu kafin ki shigar da kaya. Ki nemi tarihin gyaran gidan, haƙƙinki ne. Duk koken da za ki kai, ki kai shi a rubuce, ki ajiye lambarsa da ranarsa. Ki san cewa ofishin gidaje na soja daban yake da ofishin kamfani, kuma akwai lauyoyin bariki da ke ba da shawara kyauta. Idan yaro ya fara tari ko ƙuraje, ki gaya wa likita halin da gidan ke ciki domin ya shiga takardar asibiti. Kunya da kawaici ado ne a wurinmu, amma ba a kan lafiyar yara ba.

Allah Ya ba mu muhalli mai albarka a duk inda muke, Ya kuma sa waɗanda aka ba amana su ji tsoronSa. Wassalam.