Gus Fring bai taɓa cin Emmy ba, amma masu sharhi sun ga aikinsa

Ka tuna Gus Fring, mai gidan sayar da soyayyar kaza a Breaking Bad? Ga ladabi, ko murya ba ya ɗagawa, amma da ya shigo sai gabanka ya faɗi. Kuma ba shi ne jarumin shirin ba. Giancarlo Esposito, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, ya sha shiga jerin masu neman kyautar Emmy, bai taɓa ɗauka ba.

Masu sharhi kan finafinai a Amurka kuwa sun ba shi kyautarsu ta Critics' Choice, ɓangaren masu mara wa jarumi baya, har sau biyu a kan Gus ɗin nan: a 2012, sannan a 2023 saboda Better Call Saul. Shirin nan fa sau 53 ana sa shi takarar Emmy, ko ɗaya bai ci ba. Kai, abin da ciwo!

Ka duba masu zaɓen. A Emmy 'yan masana'antar ne ke zaɓen junansu, kuma ba kowa ke da lokacin kallon komai ba. Masu sharhi kuwa kallo shi ne sana'arsu, don haka sukan lura da wanda ya yi minti biyar a fage ya ƙwace shirin.

Ba wai ba sa bin iska ba. A 2025 sun zaɓi Tadanobu Asano na Shōgun, bayan shirin ya riga ya kwashe Emmy 18. Sai dai shi Asano babu nasa a cikin 18 ɗin.